Abin da Ke Riƙe da Jirgi a Sama



Duk shekara idan hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Fabrairu, akwai wani al'amari da ke maimaituwa a filayen jiragen sama na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Fasinja ya yi sammako, an auna masa kaya, an ba shi takardar shiga jirgi, ya sami kujera ya zauna. Can sai lasifika ta ce an ɗage tashi saboda yanayi. Ya leƙa waje ta gilashi: ba hadari, ba tsawa, ba ko ɗigon ruwa, sai farin hazon nan da ya taso yana gani tun yana yaro. Nan da nan rai ya ɓaci, a shiga cewa ai kamfani ne ke ɓoye wata matsala. Gaskiya kamfanonin jirage ba su rasa nasu laifin, wani lokaci ma akan fake da yanayi. Amma sau da yawa abin da lasifikar ta faɗa haka yake, kuma ba a gane dalilinsa sai an koma tushe, an tambayi abin da ke riƙe da wannan ƙaton ƙarfe a sararin samaniya tun farko.

Amsar ita ce iska, iskar nan dai da kowa ke shaƙa.

An saba ɗaukar iska kamar ba komai ba ce. Ɗaki in babu kaya a ciki sai a ce wayam yake. Alhali ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin buhun siminti guda, wato kilo 50, har da ɗoriya. Iska tana da jiki, tana da nauyi, tana kuma turawa. Wanda iskar farkon damina ta taɓa yaye wa rufin kwano ba ya buƙatar dogon bayani. Haka ma ɗan acaɓan da ya ɗauko fallen kwano daga kasuwa: muddin fallen na kwance daidai, iska na wucewa salin-alin, da zarar bakinsa na gaba ya ɗan ɗaga, sai a ji kamar za a fizge shi daga kan babur, kuma yana ƙara gudu abin na ƙara tsananta.

Fiffiken jirgi fallen kwanon nan ne, sai dai an ƙera shi da lissafi. Samansa na da ɗan doro, bakinsa na gaba a dunƙule yake, na baya kuma siriri kamar kaifin wuƙa, sannan yana fuskantar iska a ɗan karkace, gaba ya fi baya ɗagawa kaɗan. Idan jirgi ya sheƙa da gudu, iskar da ta bi ta sama da wadda ta bi ta ƙasa duk fiffiken yana lanƙwasa su, su fita ta baya sun nufi ƙasa. Duk abin da ya tura iska ƙasa kuwa, iska za ta tura shi sama da ƙarfi daidai da nasa. Wannan ƙa'ida ce da Isaac Newton ya rubuta tun 1687. A lokaci guda, iskar da ke bin doron fiffiken ta fi sauri, matsinta ya ragu, ta ƙasa kuma matsinta ya fi yawa, sai bambancin ya ɗaga fiffiken. Abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu.

Abu biyu matuƙi ke wasa da su a nan: gudu da karkata. Gudu yana da wani hali na ban mamaki, domin in aka ninka shi sau biyu, ƙarfin ɗagawar ninkuwa yake sau huɗu. Karkata kuma tana da iyaka. Ana ƙara ɗaga hancin jirgi, ɗagawar na ƙaruwa, har a kai wajen digiri 15. In aka zarce nan, iskar da ke bin doron fiffiken sai ta ƙi lafewa a jikinsa, ta watse ta zama gauraye, ɗagawar ta zube lokaci guda ko da injin na ruri. Maganinsa ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum: matuƙi sunkuyar da hancin jirgin yake yi, ya sake tara gudu. Wannan na cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibin tuƙi, ana kuma maimaita masa shi har ya zame masa jiki.

Ke nan ƙarfi huɗu ne ke kokawa a jikin jirgi kowace daƙiƙa: nauyi na jan sa ƙasa, fiffike na ɗaga shi sama, inji na tura shi gaba, iskar da yake ketawa na riƙe shi ta baya. A ɗauki Boeing 747, wanda alhazan ƙasar Hausa suka sani sarai, domin kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air sun yi jigilarsu da shi. Samfurin 747-400 in an cika shi maƙil yakan kai kusan tan 397, nauyin lodin tirela goma sha uku na siminti ke nan. Tankunansa, waɗanda galibinsu cikin fukafukan suke, suna cin lita sama da 200,000, wato tankar mai shida da ɗoriya. Duk wannan iska ce ke ɗauke da shi.

Ɗan Adam ya daɗe yana kallon shirwa da mikiya yana sha'awa. Masanin tarihin nan al-Maƙƙari ya ruwaito cewa a Ƙurɗuba ta Andalus, a ƙarni na tara, Abbas ibn Firnas ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi na ɗan nisa, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka, aka danganta hakan da cewa bai tanadi wutsiya irin ta tsuntsu ba. Labarin ya taɓo ainihin matsalar da ta hana mutane sakat har shekara dubu bayansa. Ɗagawa daban, mallakar jirgi bayan ya ɗaga daban. Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane masu sana'ar kekuna a garin Dayton na Amurka, a nan suka sha gaban sauran. Mai keke ya san cewa abin da ba ya tsayuwa da kansa ana iya riƙe shi da karkata jiki. Suka gina ɗan akwatin iska a 1901 suka gwada fasalin fukafukai iri-iri, suka ƙera injinsu da farfelarsu. Ranar 17 ga Disamba 1903, kusa da Kitty Hawk a jihar North Carolina, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci nisan mita 37 kacal. Fukafukan 747 daga wannan baki zuwa wancan sun fi wannan tafiyar tsawo. Kafin rana ta faɗi Wilbur ya yi daƙiƙa 59 a sama.

Abin da suka gano shi ake amfani da shi har yau. Wanda ya zauna kusa da taga zai ga wasu 'yan fallaye a bakin fiffike na baya suna motsi sama da ƙasa. Su ne ke karkata jirgi dama ko hagu, kamar yadda mai babur ke kwantawa a kwana. A wutsiya akwai falle na kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da na tsaye mai juya hancin gefe. Sai manyan fallayen da ke zazzagowa da ƙara lokacin tashi da sauka, waɗanda ke ƙara wa fiffike faɗi da doro domin ya iya ɗaukar jirgi da ƙaramin gudu. Fasinjan da ya ga fiffike na buɗewa kamar zai rabu kada gabansa ya faɗi, aikinsa yake yi.

Shekara 22 kawai bayan wancan tashi na daƙiƙa 12, a 1925, jirage uku na sojojin saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka a Kano. Kusan hanyar da maniyyata ke bi da ƙafa da raƙuma a wancan zamani suka biyo, hanyar da kan ci watanni ko shekaru, wadda ta bar dubban Hausawa zaune a Sudan har yau. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, shi ya sa filin jirgin Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya zama mafi daɗewa a Nijeriya. Yau tafiyar Kano zuwa Jidda, mai nisan kilomita sama da 3,000, awa huɗu zuwa biyar ce.

Abin da ya taƙaita tafiyar shi ne injin jet, wanda Frank Whittle a Ingila da Hans von Ohain a Jamus suka ƙirƙiro kowa a nasa gefen. Na Jamus ne ya fara tashi, a watan Agusta na 1939. Aikinsa ba ya da wuyar fahimta. Ƙatuwar fankar da ake gani a gaba tana zuƙo iska. Wani kaso na iskar ya shiga ciki, jerin ƙananan fankoki su matse shi tamau, a fesa masa mai a kunna wuta, zafin ya haura digiri 1,500, iskar ta kumbura ta fita ta baya da ƙarfi, a hanyarta ta juya wasu fankokin da ke juya ta gaban. Mafi yawan iskar ma ba ta shiga wutar, fankar ce ke watsa ta baya ta gefe, kuma ita ce ke ba da galibin turawar. Man kuwa kananzir ne, tatacce sosai, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifili. Abin lura shi ne inji ma iska yake ci. Fiffike na jingine da ita, inji na rayuwa da ita.

To, a dawo titin jirgi na Kano. A bakinsa ɗaya an rubuta 06 da manyan lambobi, a ɗaya bakin an rubuta 24. Lambobin kamfas ne: 06 na nufin digiri 60 daga arewa, wato arewa maso gabas, 24 kuma digiri 240, kudu maso yamma. Ba haka kawai aka shimfiɗa shi ta wannan fuska ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, jirgi kuwa ya fi son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska. Dalilin shi ne fiffike bai san gudun taya ba, gudun iskar da ke ratsa shi kawai ya sani. In jirgi na buƙatar kilomita 270 a awa kafin ya ɗaga, iska kuma na buso masa ta gaba da gudun 30, to ya sami 30 kyauta. Duk mai kula da shaho zai ga shi ma iska yake fuskanta in zai tashi.

Sai zafi, wanda fasinja ba ya kawo shi a lissafi amma matuƙi ba ya manta shi. Iska in ta yi zafi sakwarkwacewa take yi, ta yi shara-shara. A digiri 40 ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin ɗari. Kano kuma tana bisa tudun kusan mita 480 daga doron teku, wanda shi ma ke rage kaurin iska. In aka haɗa biyun a tsakar ranar Afrilu, jirgi zai ji kamar an ɗauki filin Kano an ɗora shi a tudun mita 1,500, sama da garin Jos. Fiffike ya rasa abin kamawa sosai, inji ya rasa abin zuƙa sosai, sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko kaya marasa nauyi. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan jirage masu dogon zango suka fi son tashi da dare ko da asuba a ƙasashe masu zafi. A watan Yuni na 2017, a birnin Phoenix na Amurka, an soke tashin jirage da dama saboda zafin ya kai wajen digiri 48, iyakar da aka amince wa wasu ƙananan jirage su tashi a cikinta.

Saboda haka kafin a rufe ƙofa, matuƙa biyu sun riga sun zauna da alƙaluma: nauyin jirgi nawa, zafi nawa, iska daga ina, titi mita nawa. Daga nan suke fitar da gudun yanke shawara, wanda suke kira V1. In matsala ta taso kafin a kai wannan gudu, a taka birki a tsaya. In an wuce shi, ragowar titin ba zai isa tsayawa ba, dole a tashi ko da inji ɗaya ya mutu, kuma an ƙera jiragen fasinja yadda za su iya hakan. Mutanen Kano ba su manta ranar 4 ga Mayu 2002 ba. Da tsakar rana, cikin zafin bazara, wani jirgi ƙirar BAC 1-11 da ya nufi Legas ya ƙure titi bai ɗaga ba, tayoyinsa suka shiga ƙasa suka tayar da ƙura, injinan suka shaƙe ta. Ya ɗaga da ƙyar ba tare da isasshen ƙarfi ba, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Allah Ya ji ƙansu.

Wanda ya san wannan zai kalli sikelin awon kaya da wani ido. Ma'aikaciyar da ta ce wa Hajiya jakarta ta zarce da kilo biyar ba rowa take yi ba. Kilo biyar-biyar na mutum ɗari huɗu tan biyu ne, kuma ba nauyin kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye shi, domin jirgin da kaya suka rinjaya ta baya ko ta gaba yana wahalar sarrafawa, kamar jakin da aka yi wa lodi a gefe guda. Kuskuren lissafi ba ya raina ƙasa. Ranar 23 ga Yuli 1983, wani sabon Boeing 767 na Air Canada ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton. Ƙasar tana cikin sauya ma'auni daga laba zuwa kilo, aka ruɗe wajen lissafi, aka zuba masa man da bai kai rabin abin da yake buƙata ba. Yana can sama da kilomita 12 injinan biyu suka yi tsit. Kyaftin Robert Pearson, wanda ya saba da tuƙa ƙananan jirage marasa inji, ya lallaɓa shi kan iska har wani tsohon filin soja a garin Gimli. Mutum 69 ne a ciki, ba wanda ya rasa ransa.

Wannan labari na gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa inji na mutuwa jirgi zai faɗo kamar dutse. Muddin akwai gudu, fiffike na aiki. Jirgin fasinja da ke kilomita 10 a sama yana iya zamewa kan iska har nisan kilomita kusan 150 ba tare da inji ba, kwatankwacin Kano zuwa Zariya.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a ɗauka da muhimmanci. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Wajen gudun tashi suka fashe, suka ɗauki zafi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar ba a sani ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Shi ya sa injiniyan da ke zagaya jirgi da tocila yana duba taya, yana leƙa inji, bai kamata a ga kamar ɓata wa mutane lokaci yake yi ba.

Idan jirgi ya ɗaga lafiya, sai ya haura kilomita 10 zuwa 12, ya miƙe da gudun kusan kilomita 900 a awa. A can iska ba ta kai sulusin kaurin ta ƙasa ba, don haka ba ta riƙe jirgi sosai, mai ma ya fi auki. Sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili, kuma mutum in aka bar shi a wannan iskar ba zai yi minti ɗaya cikin hayyacinsa ba. Shi ya sa ake tura iska cikin jirgi a matse, har fasinja ya ji kamar yana kan tudun mita 2,000 ne kawai. Toshewar kunne wajen hawa da sauka daga wannan canjin matsi take, haɗiye miyau ko hamma na buɗe shi. Kusurwoyin taga ma da aka zagaye darasi ne mai tsada. Comet na Ingila, jirgin jet na farko da ya fara ɗaukar fasinja a 1952, guda biyu sun tarwatse a sama a 1954. Da aka tsoma gangar jikin wani a ƙaton tankin ruwa ana matsa ta ana saki, sai aka ga ƙarfen na gajiya, tsaga na farawa daga kusurwoyin da aka yanka masa. Girgizar da ke sa fasinjoji salati kuwa galibi gargada ce ta iska, inda mai zafi ke hawa mai sanyi ke sauka. Fukafukan an yi su ne su lanƙwasa su dawo. Wanda girgiza ke ji wa ciwo yawanci wanda bai ɗaura bel ba ne.

Saura sauka, inda hazo ke da ta cewa. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Iska ta kwaso ta, cikin kwana ɗaya ko biyu ta lulluɓe Barno da Damagaram da Kano. Mai tafiya a ƙasa in yana hango mita 400 gabansa ya wadatu. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 250 a awa yana cinye mita 70 duk daƙiƙa, mita 400 ɗin nan ba su kai masa daƙiƙa shida ba.

Akwai na'urar jagorar sauka da ke gefen titi, mai aika sigina biyu: ɗaya na nuna wa jirgi tsakiyar titi, ɗaya na nuna masa gangara mai karkatar digiri 3. Matuƙi na bin su ko bai ga komai ba, amma zuwa wata iyaka. A mataki na farko na wannan na'ura, in ya sauko zuwa mita 60 daga ƙasa bai hango fitilun titi ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama, kuma ba a yarda ya gwada ba sai ana iya hangen kusan mita 550 a kan titin. Akwai mataki na biyu da na uku da ke ba da damar sauka cikin hazo mai kauri, har jirgi ya sauke kansa. Sai dai kafa na'urar kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an riƙa gwada ta a kai a kai, sai fitilu sun cika, sai wutar lantarki ba ta ƙiftawa, sai jirgin kansa yana da kayan karɓar siginar, sai matuƙan sun sami horo da izini. Ɗaya ya ɓace, an koma matakin baya. Kuma jirgin da fasinjan Kano ke jira sau da yawa daga Legas ko Abuja zai zo. In ba zai iya sauka ba, ba za a bar shi ya taso ba.

Tarihi ya nuna abin da sauka cikin mummunan yanayi ke jawowa. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda yanayin Legas ya ɓaci. Ya tarar da iska mai ƙarfi, ya bugi titi da mugun yanayi, ƙafarsa ta karye, ya kama wuta. Mutum 176 cikin 202 suka rasu, kuma a lokacin yana cikin haɗurran jirgi mafi muni da duniya ta gani. Dokokin da ake bi yanzu, na ɗaukar man da zai kai jirgi wani filin daban har da ragowar shawagi na aƙalla rabin awa, da na iyakar hangen da ba a ƙetarewa, daga irin waɗannan ranaku aka tattaro su. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, ita ke daidaita su tsakanin ƙasashe.

Bayan gilashin da fasinja ke leƙawa akwai mutanen da ba ya gani. Ma'aikacin NiMet, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, na auna nisan hange da zafi da gudun iska yana aikawa a kai a kai. Jami'in NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Nijeriya, na zaune a hasumiya ko gaban allon rada yana raba jirage, kowane da tsayinsa da layinsa. A taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Nijeriya da sunan Kano ake kiran sa, na Nijar kuma da sunan Yamai, ƙarƙashin ASECNA, hukumar da ke kula da shi. Da yawa daga cikin matuƙa da injiniyoyi da masu hasumiyar nan a kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya suka yi karatu, wadda aka kafa a 1964.

Fasinjan da aka ɗage wa tashi yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, sai dai ya kamata ƙorafin ya nufi inda ya dace. Matsa wa matuƙi ya tashi cikin hazon da ya wuce ƙa'ida neman abin da ba wanda zai so sakamakonsa ne. Abin da ya cancanci a nema daga hukumomi shi ne filayen da hunturu ke ziyarta duk shekara su sami na'urorin sauka na babban mataki, a riƙa gwada su kafin Disamba, a tabbatar da fitilu da lantarki. Daga kamfanoni kuma a nemi su faɗi gaskiya da lamba: hange ya sauka zuwa mita kaza, jirginmu na buƙatar mita kaza, za a sake aunawa ƙarfe kaza. Hazon yakan fi kauri da safe, wani lokaci ya ɗan sassauta in rana ta take, wani lokaci kuma ya kwana uku bai motsa ba, sai iskar Bodele ta lafa.